Sashe na 24: me ƙasa ke bin mu, me muke bin ta?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i 'yata ta aji biyu a ƙaramar sakandare ta kawo min aikin gida, wai ta rubuto wajibai biyar da ke kan ɗan ƙasa. Na ce ai wannan ruwa ne, rubuta zaɓe na farko. Sai ta ce, "Abba, a ina aka rubuta?" Shekara 19 ina riƙe da alli, wallahi ban taɓa buɗe kundin tsarin mulki don neman wannan ba. Kunya ta sa na sauke shi a waya. Ashe abin yana sashe na 24, a babi na biyu, kuma guda shida ne. Ga su a tawa Hausar, Barista ta gyara min in na karkace.

Ka bi kundin, ka girmama tuta da taken ƙasa da alƙawarin nan da yara ke karantawa a taron safe, da hukumomin da doka ta kafa. Ka ɗaga martabar Najeriya, ka kare ta, ka yi mata hidimar da aka nema daga gare ka. Ka mutunta sauran 'yan ƙasa da haƙƙoƙinsu, ku zauna lafiya kamar 'yan'uwa. Ka tsinana wani abin kirki ga al'ummar da kake zaune a cikinta. Ka taimaki hukuma wajen tsare doka da oda. Na ƙarshe, ka faɗi gaskiyar abin da kake samu, ka biya haraji a kan kari.

Kun lura? Zaɓen da na fara da shi ba ya ciki sam. To, wa ya cika shidan nan a cikinmu?

Mai Shagon Kwana:
Wa alaikumus salam Malam. Ni na cika na shida har na zarce. Litinin ɗin da ta wuce kashi uku suka zo min kafin azahar. Na farko kuɗin shago, na biyu kuɗin allon da na rubuta sunan shagon, na uku wasu masu riga mai ƙyalli, wai kuɗin shara. Rasit ɗin na ukun ko hatimi babu, kwanan watan ma da biro aka goge aka sake. Na ce masa, ɗan'uwa, yaushe rabon da motarku ta shigo layin nan? Ya ce shi karɓa aka aiko shi, ba kwasa ba. Duk rasit ɗin suna nan na soke su a ƙusa a bayan kanta, ƙusar ta kusa cika. Kada wanda ya zo ya karanta min wajibi. A fara karanta musu nasu.

Ɗan Adaidaita:
Alhaji kai a wata ake zuwa maka. Mu kullum ne, kafin ka ɗauki fasinjan farko ka yanki tikiti.

Barista:
Malam, fassararka ta yi, ba gyara. Alhaji, nasu ma yana nan a rubuce, kuma a babi ɗaya da namu. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma tsaron mutane da walwalarsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 18 ya yi maganar ilimin firamare kyauta kuma dole, sai dai ya rataya masa "idan hali ya yi". Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, sakin layi na uku. Can aka ɗaure hannun kotu, aka ce ba ta da hurumin sauraron ƙara a kan ko an cika abin da ke babi na biyu ko ba a cika ba. Wato ba za ka je gaban alƙali ka ce gwamnati ta saɓa sashe na 14 don babu tsaro a garinku ba. Haka nan ba wanda zai gurfanar da kai don ka saɓa sashe na 24 shi kaɗai.

Mai Shagon Kwana:
To ai shike nan, an yi canjaras. Ba na bin su, ba sa bi na. Gobe in sun zo zan nuna musu wannan saƙon.

Barista:
Kada ka ja min, Alhaji! Ban gama ba. Majalisa na iya ɗaukar abin da ke babi na biyu ta mai da shi doka mai zaman kanta, nan take ya sami haƙora. Haraji yana da dokokinsa, da tara da ɗauri. Bautar ƙasa tana da tata. Hana jami'in tsaro aikinsa laifi ne a dokar manyan laifuka. Kusan duk abin da ke wuyanmu an riga an yi masa haƙora.

Mai Shagon Kwana:
Namu da haƙora, nasu dasashi. Na gode Barista, kin faɗi abin da nake nufi da Turancin lauyoyi.

Barista:
Ba duka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ilimi kyauta daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kuma a 2017 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa saboda wannan doka, haƙƙin ya zama abin da za a iya nema a kotu. Dokar nan kuwa ta haɗa da iyaye: wanda ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karon farko gargaɗi, na biyu tara ko ɗauri. Kun ga wuƙa ce mai baki biyu, sai dai mu ba mu cika ɗaukar ta ba.

Baba Tsohon Akawu:
Yara, ku bar ni in sa baki, ko da yake jikana ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

Ku da kuke kukan haraji ba ku ga haraji ba. A zamaninmu kuɗin kai ne, kowane baligi namiji, da abin hannunsa ko babu. In kaka ta yi aka fara karɓa, mai unguwa ya bi gida gida, dagaci na jiran mai unguwa, hakimi na jiran dagaci. Na ga magidanci da idona ya sayar da akuyar matarsa don ya biya. Na ga wanda aka zaunar a rana a ƙofar fada tun hantsi. Rasit ɗin kuwa a cikin hula ake naɗe shi, ko a sa a gwangwani a rufe, don ranar kasuwa ana iya tare hanya a ce kowa ya nuna nasa. Fulani kuma ga jangali, kowace saniya da kuɗinta, shi ya sa in an ji masu ƙirga na tafe sai a kora rabin garke daji. Wannan na cikin abin da 'yan NEPU suka yi ta shan ɗauri a kansa. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ranar mun yi murna kamar sallah, ni ma har da ni, ina akawu.

Amma ga abin da na lura da shi da tsufa. Lokacin da talaka ke ciro kuɗin daga aljihunsa yana ji a jikinsa, bakinsa na da kaifi. Yana iya tsayawa ya ce ina kuɗinmu, ina rijiyar da aka ce. Da aka koma jiran kason man fetur da ake rabowa daga Abuja duk wata, sai mai mulki ya daina buƙatar aljihunmu, mu kuma muka ɗauka kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. In ya gina aji biyu sai mu tafi da makaɗa mu yi godiya. Ban ce a dawo da kuɗin kai ba, Allah ya kiyaye. Na ce dai wanda ya biya shi ke da bakin tambaya.

Malamin Firamare:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu ma'aikata tun kafin albashi ya iso hannu an zare namu, ba ma ganinsa balle mu ji zafinsa. Wataƙila shi ya sa ba ma tambaya.

Maman Tagwaye:
Baba ya gama magana. Amma ku maza kuna ta haraji kamar ku kaɗai ke biya. Ni da nake sayar da zannuwan gado daga ɗaki, duk kuɗin da ya kai dubu goma aka tura ta banki sai an zare naira 50. Katin waya da na saya akwai harajin VAT a ciki, kashi 7.5 tun 2020, da can kashi 5 ne. Ba mai ba ni rasit ɗin da zan soke a ƙusa.

Ni na huɗun nan ne ya tsaya min a rai, na al'ummar da kake zaune a ciki. Ku duba shi da kyau, babu gwamnati a cikinsa ko kaɗan. Daminar bara da ruwan nan na daren Juma'a ya sauka, ƙarfe uku na dare ina tsaye a tsakar ɗaki ruwa har ƙauri, na ɗora tagwaye a kan sif, katifa ta sha, buhun shinkafar da na saya da kuɗin adashi ya jiƙe. Da gari ya waye aka zura sanda a kwalbatin bakin layi. Me aka ciro? Ledar fiya wata, robar lemo, tsumma, ƙunzugun yara, har da tsohuwar tabarma. Ciyaman ne ya zuba? Kansila ne? Mu ne. Kowa jira yake hadari ya haɗo ya aiko yaro da bokitin shara a juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ɗakina ya kawo ta.

Ɗan Adaidaita:
Hajiya, a layin nan kaf wa ke sayar da fiya wata? Ni dai ban kira suna ba.

Mai Shagon Kwana:
Kai ka kiyaye ni. Sayarwa nake, ban ce a yar a kwata ba. Kuma Hajiya, da motar sharar da nake biya tana zuwa, wa zai juye a kwata?

Maman Tagwaye:
Alhaji, da ka ajiye ko buhu ɗaya a ƙofar shago, rabin ledar nan ba za ta kai kwata ba. Motar da ba ta zo ba laifinsu ne, ban wanke su ba. Amma katifata ba ta san wannan bambancin ba.

Malamin Firamare:
Wannan tun kafin a rubuta kundi muna da shi. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kowa ya sha jin hadisin, ga kuma haƙƙin maƙwabci. Aikin gayya ma ba Bature ya koya mana ba.

Ɗan Adaidaita:
To ku zo kan na biyar, taimakon hukuma, nan nake da tabo. Shekara biyu da suka wuce ina dawowa wajen sha ɗaya na dare na tarar da mota ta buge wani yaro mai tallan rake ta gudu. Mutane sun kewaye shi, kowa na haska fitilar waya, ba mai taɓawa. Na ɗauke shi na kai asibiti, jininsa duk ya ɓata min kujera. Aka ce sai an kira jami'ai. Da suka zo tambayar farko ita ce, "Ina ka buge shi?" A bayan kanta na kwana, babur ɗina ya yi kwana huɗu a tsare, mai shi yana ta kira yana neman balas. Allah ya sa yaron ya farfaɗo ya ce mota ce fara. Ko a hakan sai da yayana ya kawo abin da ya kawo kafin a sake ni. Yanzu in na ga taro a titi, wallahi sai na yi da gaske nake taka birki.

Barista:
Sannu ƙanina, Allah ya ba ka lada. Abin da aka yi maka ba doka ba ce. Beli kyauta ne. Akwai ma dokar 2017 a kan waɗanda aka harba da bindiga, da ta ce asibiti ya karɓe su ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma a mutunta wanda ya kawo su, kada a tsare shi da tambayoyin cin fuska. Ita a kan harbi take magana, amma ta nuna inda doka ta dosa.

Ɗan Adaidaita:
Anti Barista, ƙarfe biyun dare a bayan kanta ba mai jin sunan doka. Sai dai ki ba ni lambarki.

Barista:
Na tura maka ta akwatinka. Da gaske nake.

Baba Tsohon Akawu:
Na yaron nan mai sauƙi ne. Ku tambayi mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba. Mutum ya ga masu kai musu mai da burodi, ya sani sarai, amma in ya faɗa bai san kunnen da maganar za ta faɗa ba, kafin dare sai a zo har gida. Wanda aka ce ya taimaki hukuma, sai hukuma ta iya rufa masa asiri. Wannan wajibin ba ni da bakin zargin wanda ya kasa shi.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Gaisuwa iyayena, daga inda aka jefa ni. Ni ina kan na biyu yanzu haka, sanye da kakin. Gowon ya kafa shirin nan a 1973 bayan yaƙin basasa don a cuɗanya, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi aiki a kaina: maigidan da nake haya a wurinsa bai taɓa zama da Bahaushe ba sai ni, yanzu matarsa ba ta cin abinci ba ta aiko min ba. Alawus ɗin ya koma dubu 77 daga dubu 33, kuɗin mota zuwa gida kuwa ya cinye kusan rabi. Na farkon ne ke ba ni dariya. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken ƙasa na 1960 cikin 'yan kwanaki, mu da muka tashi da ɗayan sai motsa baki muke a fareti. Ɗalibaina sun fi ni iyawa.

Amma Malam, batun zaɓe ya ba ni mamaki. In ba wajibi ba ne, me ya sa ake ta yi mana wa'azinsa?

Barista:
Haƙƙi ne. Wanda ya kai 18 yana da damar yin rajista ya jefa ƙuri'a, ba a ce dole ba. A 2025 an kawo ƙudiri a majalisar wakilai, har da sa hannun kakakinta Tajudeen Abbas, na a mai da shi dole, da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Ya tsallake karatu na biyu, jama'a suka yi ca, aka janye shi. Ostareliya suna yin haka tun 1924, amma tarar tasu 'yar kaɗan ce.

Ɗan Bautar Ƙasa:
A 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Da dokar ta wuce, wane kurkuku zai ɗauki sauran?

Mai Shagon Kwana:
Ni na fita, tun bakwai na safe har la'asar ina layi. Wanda na zaɓa ya ci, tun daga ranar ban ƙara ganin ƙeyarsa ba. Kuma ku tsaya ma, shi kundin nan wa ya tambaye ni kafin a rubuta? Soja suka bar mana shi. Abdulsalami ya sa hannu a dokar soja, ranar 29 ga Mayun 1999 ya fara aiki, sannan a farkonsa aka rubuta wai mu jama'ar Najeriya ne muka yi. Ni ban taɓa riƙe kwafinsa na Hausa a hannuna ba.

Barista:
Wannan ƙorafin manyan lauyoyi ma suna yin sa, ba kai kaɗai ba. Amma an sha yi masa kwaskwarima tun 2010, kuma ba duka daga sama ta zo ba. Rage shekarun takara a 2018, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, matasa ne suka yi ta zarya har majalisar tarayya da na jihohi suka amince. Shi kuma wanda ka daina ganin ƙeyarsa, sashe na 69 ya ba ku damar kiranye in na tarayya ne, na 110 in na jiha ne. Sai dai sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi a 2018, abin ya mutu a wurin tantancewa.

Mai Shagon Kwana:
Rabin masu rajista, a ƙasar da kashi ɗaya cikin huɗu ke fita zaɓe. An ba mu tsani an cire matakala.

Na Kumasi:
Salamu alaikum mutanen gida, ina ta karantawa daga zango. Mu ma a nan kundin Gana na 1992 yana da irin wannan a sashe na 41, da haraji da taimakon hukuma duk suna ciki. Amma akwai biyu da ban ji Malam ya lissafo a naku ba. Ɗaya kare muhalli, wannan na Hajiya ne. Ɗayan kuma, an ɗora wa ɗan ƙasa ya kare dukiyar jama'a, ya tona asirin masu ɓarnatar da kuɗin gwamnati, ya yaƙe su. Ban ce muna yi ba, kwatocinmu ma a cike suke. Na dai ce a nan tambayar ina kuɗin shara wajibi ce a rubuce.

Barista:
Gaskiya ne Yaya, namu sashe na 24 bai faɗe shi ƙarara haka ba. Amma muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ko da yake an daɗe ana jayayya a kotuna kan yadda ta hau jihohi kafin kotun ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau su. Ko ba ita, wasiƙa mai sa hannun magidanta hamsin da hoton rasit ba abin da ake jefarwa a kwandon shara cikin sauƙi ba ne. Alhaji, ka ciro na kan ƙusar nan ka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, musamman marar hatimin. Tambaya biyu kawai za mu yi: wa ya aiko a karɓa, kuma wace rana mota ke zuwa. Ni zan rubuta, ba ko sisi.

Mai Shagon Kwana:
In suka zo suka rufe min shago fa?

Baba Tsohon Akawu:
Sa sunana a farko, naka a tsakiya. Ni ba ni da shagon da za a rufe. Kuma a bi ta hannun mai unguwa, kada a tsallake shi.

Maman Tagwaye:
Wasiƙa ta yi. Kwalbatin fa? Ko ita ma wasiƙar za mu rubuta mata?

Shugaban Zaure:
Asabar ɗin ƙarshen wata ce ranar tsaftar muhalli, dama ba fita sai goma. Bakwai daidai a bakin kwalbati. Mai shebur ya zo da shi, ina da baro ɗaya da manjagara biyu. Abin da aka kwaso kada a tara shi a bakin kwata ya koma ciki kamar na bara.

Ɗan Adaidaita:
Zan yi sawu uku zuwa juji kyauta, amma a buhu, kada a ɓata min kujera karo na biyu.

Mai Shagon Kwana:
Buhuna daga wurina. Ruwan sha ma daga wurina, kuma kowa ya miƙo min ledarsa a hannu. Hajiya, kin ji.

Maman Tagwaye:
Na ji, sai na gani. Kunun safe a kaina.

Malamin Firamare:
Jama'a, yarinyar ta dawo daga makaranta yanzu. Huɗu bisa biyar ta ci. Malaminsu ya ja jan biro a ƙasa ya rubuta, "Ina zaɓe?" Tana can tana kuka wai ni na sa ta goge.

Barista:
Malam, shi ma a tura masa lambata.